Kunnen Aro

Jitar makaɗin nan da ake kira Yatsu ta yi shiru ne ana tsakiyar gwajin kiɗa, wata Laraba da la'asar. Ya tura ɗan makunnin ƙasa don ya shiga nasa wurin, inda kowa a ƙungiyar ke ja da baya a bar masa fili, sai ya ji ɗif. Ya mayar da shi sama, sauti ya dawo. Ya sake turawa ƙasa, ɗif. Mai ganga ya ɗaga sanduna yana dariya, ya ce, "Oga, yau tsohuwa ta yi yaji!"

Ita jitar lantarki, in ba ka sani ba, ba ta da murya sai ta aro. A ƙarƙashin wayoyinta akwai wasu 'yan akwatuna biyu na maganaɗisu, an naɗe su da siririyar wayar tagulla, makaɗa na ce musu fikof. Su ke ɗaukar motsin waya su miƙa wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. Na kusa da wuya muryarsa a sanyaye take, da shi ake raka mai waƙa. Na gindi kuwa, wanda ke daf da inda aka ɗaure wayoyin, shi ne mai tsiwa, kuma da shi aka san Yatsu. Tun yana saurayi suke tare. Gumin hannunsa ne ya yi ta tsiyaya a kai shekara da shekaru, har ya cinye wayar ciki.

Fikof ya mutu, ai ba wani abin tashin hankali ba ne, sai a sa wani. Amma Yatsu ya naɗe igiyarsa ran nan cikin damuwa, don akwai abin da ya sani wanda bai gaya wa kowa ba. Kunnensa ya fara tafiya. Tsayuwa kusa da faifan ƙarfen mai ganga tun ƙuruciya ba ta bar shi haka ba. Siraran sautuka ne suka fara gudu: kukan tsuntsaye, fiton butar shayi, ƙarar mukullai a aljihu. Abin bai hana shi aiki ba, don hannunsa ya san tsohon fikof kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida, maɓallan amfilifaya kuwa tun tuni ya ɗiga musu jan fenti daidai inda suke, bai ƙara motsa su ba. Da haka ya rufa wa kansa asiri. Yanzu ga shi dole a zaɓi sabo, kuma da kunne ake zaɓa. Ranar Asabar suna da wasa a lambun otal kamar kowane mako. In ya zaɓi wanda bai dace ba, kowa zai ji, shi kaɗai ne ba zai ji ba. Makaɗin da aka gane kunnensa ya tafi kuwa, ba korarsa ake yi ba, girmama shi ake yi har a zaunar da shi a kujera.

Ya tarar da maiɗakinsa a kan keken ɗinki, tef rataye a wuya, tana kashe bakin wata riga. 'Yan biyunsu sun girma sun bar gida, amma sunan Baban 'yan biyu da Maman 'yan biyu ya zauna wa iyayen daram. Ta ɗaga kai ta dube shi sau ɗaya.

"Baban 'yan biyu, wa ya mutu?"

"Fikof ɗin gindi."

"Allah sarki! Allah ya jiƙansa, ya sha gumi." Ta ciji zare ta tsinke. "Gobe sai wurin Dalma ke nan. To mu tafi tare, fedar keken nan tana min wasa, waya ce ta saki a ciki."

"Kawo in kai miki mana, me za ki je yi a wannan ƙurar?"

"Kai? Kai da na ba ka almakashi ka kai a wasa min, ya tare a akwatin jita har na sayi wani? Na gode, ƙafata lafiya lau."

Ya so ya ƙara magana, ya ga ba riba. Mutumin da ya taɓa cin Maman 'yan biyu a gardama ba a haife shi ba tukuna.

Shagon Dalma wani ɗan siririn wuri ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Jitoci rataye ta wuya a bango, wasu ba wayoyi, wasu ciki a buɗe. Teburin cike da gwangwanayen madara, kowanne da irin sukurun da ke cikinsa, ga fitilar tebur mai lanƙwasasshen wuya, ga ƙarfen narka dalma kullum a jone. Warin dalmar nan ne ya ba mai shagon sunansa. Da can shi ma ya taɓa kaɗa bes, jita mai kaurin murya, a ƙungiyar su Yatsu, har ya gane ya fi son buɗe cikin kayan kiɗa da kaɗa su, kowa ya huta.

"A'a, yau da matarmu aka zo?" Ya miƙe yana share kujera da hannun riga. "Ko kin gaji da tsohon ne, kin zo ki ga sabon hannu?"

"Sabon hannu da furfura har a hanci? Karɓi fedar nan, malam, ka ji da aikinka."

Dalma ya kwantar da jitar Yatsu a kan tawul, ya ɗora tabarau, ya taɓa wayoyin fikof da bakin mitar gwada wuta. Allurar ko motsi. Ya girgiza kai.

"Yaya, sai haƙuri. Ta tsinke can ciki."

"Ba a sake naɗa shi?"

"Ana naɗawa. Amma waya daban, hannu daban, ba shi zai dawo maka ba, wani ne zai shigo cikin rigarsa. Kuma ba kafin Asabar ba. Ina da guda uku da za su shiga ramin nan daidai, ka ji su ka ɗauki naka."

Yatsu ya yi gyaran murya, ya dubi bango. "Ka san hannuna, Dalma. Zaɓa min kawai, ina sauri."

Dalma ya sauke tabarau ya dube shi ta sama. "Ikon Allah! Wa ya ce min duk makaɗin da ya bari aka zaɓa masa murya, gara ya sayar da jitar ya sayi akuya? Ba kai ba ne? Yara nawa ka turo min nan, ka ce kada in kuskura in ɗaga musu ƙafa?"

Gaskiya ne, shi ya faɗa, kuma a gaban mutane. Baki shi ke yanka wuya.

Dokar shagon kuwa ga ta. Dalma na da wata jitar gwaji da ya fafe ta ta baya, yana zura fikof ta nan ya maƙale wayoyi cikin ƙiftawar ido, ta gaba kuma baƙin murfi ne, ba ka ganin wanne ne a ciki. Mai zaɓe zai zauna a kan wata 'yar kujera fuskarsa na kallon bango. Ba a gaya masa sunan kamfani, ba a nuna masa kwali, kuma ba a taɓa maɓallan amfilifaya, duk a tsakiya suke. Dalma yakan ce a waje gani ya kori ji, amma a shagonsa ji ne ya kori gani, don ya sha ganin mutum ya zaɓi ƙyalƙyalin kwali ya koma gida da kukan jaki.

Yatsu ya zauna ya fuskanci bango. A gabansa ba komai sai tsohon fenti da wata ƙusa. Ya ji Dalma na taɓe-taɓe a bayansa, sannan aka miƙo masa jita ta kan kafaɗa.

Da na farko ya kaɗa 'yar gajeriyar waƙar da yake ɗumama hannu da ita. Abin ya zo masa kamar mutum na magana cikin bargo. Ya daure fuska, ya gyaɗa kai irin na masana, ya ce, "Kawo na gaba."

Na biyu ya ɗan fi. Ya gane waƙar, ya gane hannunsa, amma kamar a ɗakin maƙwabta ake kaɗawa. Ya ja waya ya lanƙwasa ta, ya jira wannan ɗan ƙyallin da ke fitowa a ƙarshen sauti, bai zo ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ce a ransa, in na ukun ma haka ne, sai dai in rufe ido in nuna ɗaya.

Aka miƙo na uku. Ya taɓa waya ɗaya, sai ya ji kamar an buɗe taga.

Wayyo daɗi! Ga kaifin nan, ga ƙyallin nan, ga ɗan kukan da waya ke yi in yatsa ya zame a kanta, abubuwan da ya ɗauka sun tafi ke nan har abada. Ya manta da bango, ya manta da shago. Ya shiga waƙar da ya fi so, ya gangara can ƙasan wuyan jita inda wayoyi ke kuka, ya yi ta zuba. Rabon da ya ji kansa haka har ya manta. Farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Bai san sanda ya karya doka ya juyo ba, yana cewa, "Wannan ne! Dalma, wallahi wannan..."

Maman 'yan biyu ta dafe kunci da hannu kamar mai ciwon haƙori. Dalma ya kanne ido ɗaya, kafaɗunsa sun haura har kunne. Suna ganin ya juyo kowa ya yi maza ya gyara fuska, amma ina, ya riga ya gani.



"Yaya," in ji Dalma a hankali, yana goge tabarau da gefen riga, "wannan na yaran nan masu kiɗan hayaniya nake ajiye wa. Su ma sai sun rage masa kaifi. Amma fa jitarka ce. In shi ka ce, shi zan sa."

Yatsu ya kwantar da jitar a cinyarsa. Yana iya cewa gwada su yake yi. Yana iya yin dariya ya ce na biyun yake nufi. Ya duba ƙaryar ta kowane gefe, ya ga ba za ta kai Asabar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba na ji sosai," ya ce. "An daɗe. Siraran duk sun tafi, musamman a na dama. Wannan ne kaɗai na ji kamar da."

Dalma ya ɗauki fedar keke da sukundireba, ya ce hasken nan bai ishe shi ba, ya koma bakin ƙofa ya ba su baya.

Maman 'yan biyu ta jawo kujerarta kusa. Yatsu ya sunkuyar da kai, yana jiran salati da tafa hannu. Sai ya ji ta yi ɗan tsaki mai taushi.

"Yanzu wannan ne asirin? Baban 'yan biyu, kai fa wani lokaci sai a hankali. Tun yaushe nake zagayowa ta hagunka in zan yi maka magana? Ka zaci son motsa jiki ne ya sa? Wa ya musanya mana gefen gado, ka yi ta mita wai na raba ka da taga?"

Ya ɗago ya dube ta. "Kin sani?"

"Ni da nake kiranka daga kicin har maƙwabta su amsa?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"Kunnenka ne, bakinka ya kamata ya faɗa. Na ga kana ta lallaɓa abinka, na ce bari in bar mutum da mutuncinsa har ya gaji."

Kunya ta kama shi, wani sanyi kuma ya sauka a ƙirjinsa, irin na wanda ya sauke buhu bayan doguwar tafiya. Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu. Amma dariya ba ta zaɓi fikof ba, kuma Asabar na nan tafe.

"To yanzu ya za a yi?" ya ce.

"Tashi min a kujerar."

"Ke? Ke da ba ki san ko sunan waya ɗaya ba?"

"Sunan waya ya dame ni? Tun kafin a haifi yaran nan nake ɗinki da ƙarar jitarka a ka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dalma! Ajiye fedar nan ka zo, na san kunnenka na nan."

Dalma ya dawo yana murmushi. Ya ce bai taɓa yin haka ba, amma dokarsa ta ce a zaɓa da kunne, ba ta faɗi kunnen wa ba. Maman 'yan biyu ta gyara zama ta fuskanci bango, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Dalma ya hargitsa jerin, Yatsu ya tsaya a bayanta da jitar gwaji.

Ya kaɗa na farko. Bai kai ko'ina ba ta ɗaga hannu.

"Wannan wani ƙato ne mai mura. Ba mijina ba ne. Wuce."

Aka sa wani. Yatsu ya ji taga ta sake buɗewa, amma ita tuni ta toshe kunne. "Cire, cire! Haƙorana nake so."

Aka sa na ƙarshe. A kunnen Yatsu, ɗakin maƙwabta ne ya dawo. Ya kaɗa dai, don hannu ya san aikinsa. Ya kai ƙarshe ya tsaya.

"Sake," ta ce. "Wurin nan da kake jan waya kamar za ta yi magana."

Ya sake. Ta gyaɗa wa bango kai.

"Shi ne. Bai kai tsohon zaƙi ba, akwai ɗan sabunta a bakinsa, amma kai ne."

Dalma, da yake shaƙiyyi ne, ya ce bari a tabbatar. Ya karɓi jitar ya yi ƙwaram-ƙwaram a baya kamar ya canza, ya miƙo ta yadda take. Yatsu na taɓawa ta ce, "Dalma, ka raina ni ko? Ai shi ne dai." Dalma ya tuntsire da dariya har ya dafa tebur, ya ce daga yau ya ɗauke ta aiki.

Sannan ya zaro fikof biyu ya ɗora a tafin hannunsa, wanda ta zaɓa da wanda Yatsu ya zaɓa, ya miƙo su gabansa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Yaya, magana ta ƙarshe taka ce. Kai za ka rataya ta."

Yatsu ya daɗe yana kallon mai kaifin nan. Yana son sa, ba ƙarya. Da shi zai riƙa jin kansa kullum, a gida da wurin wasa, kamar yana saurayi. Sai dai duk wanda ya zauna a gabansa zai koma gida da ciwon kai, mai waƙa kuma zai fara yi masa irin ladabin nan da yake tsoro. Da ɗayan kuwa mutane za su ji Yatsun da suka sani, shi kuma ya tsaya a bayan ƙofa yana jiyo kansa daga nesa. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye wa kansa ba. Amma tun farko ba don kansa ya koyi kiɗa ba.

Ya nuna da yatsa. "Sa nata."

Dalma ya koma teburinsa. Ya sassauta wayoyin jitar Yatsu, ya kwance sukurori, ya ɗaga tsohon fikof da ya yi tsatsa kore-kore ya ajiye gefe. Ya zaunar da sabon a ramin, ya taɓa bakin ƙarfe, dalma ta narke ta yi ƙyalli, ɗan hayaƙi ya tashi ya bi ta ƙarƙashin fitila. Yana aiki Maman 'yan biyu na zayyana sharuɗɗanta. Mako mai zuwa za a je asibitin kunne, da ƙafarta za ta raka shi. Ranar Asabar zai koma ɗaya gefen dandali, nesa da faifan mai ganga, in mai ganga ya tambayi dalili a gaya masa gaskiya. Yatsu ya ce to, ya ce to, har ya gaji da cewa to. Dalma ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ashe shi ya sa bai yi aure da wuri ba. Ta ce a'a, ba a samu mai ɗauka ba ne dai.

Da aka ɗaure wayoyi aka daidaita su, Dalma ya ɗan ɗaga fikof ɗin da sukundireba, ya sake saukar da shi kaɗan, yana kallon fuskar Maman 'yan biyu har ta ce ya isa. Sannan ya miƙa wa Yatsu jitarsa, ya koma kan fedar keke.

Yatsu ya rataya ta. Nauyin nan da ya sani ya zauna masa a kafaɗa, katakon ya kwanta a cikinsa. Ya tura makunnin ƙasa, ya fara waƙar da ya fi so. Yana jin rawar katako a haƙarƙarinsa, yana jin wayoyi a ƙarƙashin yatsu, sautin kuwa can nesa, a dushe. Ya haura inda ya kamata ƙyallin ya fito, ya ja waya, bai ji komai ba sai rabin abin. Ya tsaya a tsakiyar waƙa.

"Ya fito kuwa?" ya tambaye ta. "Ni ban ji ba."

Ta riga ta lumshe ido, ta jingina kai da bango, jakar na neman zamewa daga cinyarta. Ba ta ko buɗe idon ba.

"Wa ya ce ka tsaya? Kaɗa abinka, Baban 'yan biyu, ni ina ji."